Mai Kunne da Bututun da Ya Tsallaka Titi

Tun ranar da aka haifi Mai Kunne bai yarda da kowa ba. Yayarsa ta rantse cewa da ungozoma ta ɗaga shi bai yi kuka ba, sai da ya ƙare mata kallo sama da ƙasa yana neman abin da ta ɓoye a ɗaya hannun. Da aka sa shi makaranta malami ya ce biyu da biyu huɗu ne, ya ce a bari ya je gida ya gwada da tsakuwa tukuna. Har yau da furfura ta cinye masa gemu, in ka ce masa ina kwana sai ya yi jim kafin ya amsa, yana auna abin da ka zo nema. Matarsa mai ɗinki ce a gida, shekara talatin da ɗaya suna tare, 'ya'ya biyar duk sun kama gabansu, amma in ta ce ana ruwan sama sai ya leƙa waje ya tabbatar. Ranar da iyayenta suka ce sun ba shi ita kuwa, cewa ya yi, “Da sauri haka? Me ke damunta?”

Bai daɗe a makaranta ba, shi da malamai ba su taɓa shiryawa ba. Yana ɗan shekara sha tara wani maƙwabci ya kai shi ma'aikatar ruwa ta gari. Shekara shida ya yi cikin masu haƙa rami da binne bututu kafin a ɗaga shi a ba shi makulli.

Makullin nan ba irin na ƙofa ba ne. Ƙarfe ne dogo da zai kai wa mutum ƙirji, da hannu biyu a sama kamar kan keke. A ƙarƙashin titunan gari akwai bututu manya da ƙanana, nan da can kuma akwai bawul, wato wurin da ake murɗawa ruwa ya wuce ko ya tsaya. Wasu suna da murfi a bakin titi kowa na gani, wasu kwalta ta binne su tun manajan yanzu yana rarrafe. Aikin Mai Kunne shi ne ya buɗe wa wannan unguwa, ya rage wa waccan, ya rufe inda ya fashe. Ban da makulli yana da wata siririyar sandar ƙarfe mai kan katako. Sai ya dasa ta a ƙasa, ya kara kunnensa a katakon, ya rufe ido. Daga nan ya samo sunansa. Masu ƙarin gishiri na cewa yana iya jin wadda ta bar famfo a buɗe a gida na goma, har ya gaya maka ko wanki take ko wanke-wanke.

Taswirar bututun gari tana nan a ofis, amma gara ta ci rabi, ruwan rufin da ke yoyo ya shafe sauran. Ainihin taswirar tana cikin kawunan tsofaffi uku. Ɗaya ya rasu, ɗaya ya yi ritaya ya koma wajen 'ya'yansa, saura Mai Kunne. Da taku yake awo: taku tara daga turken lantarki, taku huɗu daga bakin kwalbati, sai ya ce a tona nan, a tona kuwa a samu. Saura shekara biyu ya yi ritaya, amma ya daɗe da shirya wa kansa cewa ranar in ta zo manaja da kansa zai biyo shi gida yana roƙo ya ƙara wasu shekaru. Ba ya tsoron maciji a rami, ba ya tsoron mota a titi. Tsoronsa guda ɗaya ne a duniya, ranar da za a ce ya miƙo makullin nan.

Ana nan sai aka turo wata injiniya, sa'ar 'yarsa ta biyu, mai magana a hankali, ga yawan godiya. Godiyar nan ce ta fara tayar masa da hankali, don a ganinsa ba wanda zai ce maka na gode sau uku a rana sai mai shirin ɗaukar maka wani abu. Ta sa aka liƙa wasu 'yan na'urori a jikin manyan bututu, masu auna ƙarfin ruwa suna aika wa kwamfuta. Ta sa akawu biyu suka kwashe tsofaffin fayil-fayil na shekara ashirin da biyar suka zuba a ciki. Sannan aka kawo tabarau iri biyu. Babban yana rufe fuska daga goshi zuwa hanci, a ɗaki ake sa shi, ma'aikata suka raɗa masa takunkumi. Ƙaramin kamar na masu walda, a titi ake sa shi: kana ganin titi yadda yake, motoci da mutane, amma ga bututu an zana shi a ƙarƙashin kwalta, ga lambobi suna reto a kan kowane bawul.

Ranar da aka ce Mai Kunne ya gwada takunkumi, sai da ya ƙirga mutanen da ke ɗakin, ya jingina makullinsa tsakanin ƙafafunsa, ya dafe aljihu da hannu ɗaya, sannan ya miƙa kai. Ɗakin ya ɓace. Ya tsinci kansa tsaye a sararin sama, gari duk a ƙasansa, ƙasar kuma ta zama kamar gilashi, ga bututu sun bazu kamar saiwar bishiya. Ya ɗage ƙafafu biyu daga ƙasa a lokaci guda, abin da likitoci suka ce ba ya yiwuwa ga mai shekarunsa.

“Baba, me ka gani?” in ji Injiniya.

“Na ga abin da aka ga dama a nuna mini.”

“Inda ya yi shuɗi ruwa na da ƙarfi. Rawaya ya fara rauni. Ja kuma kusan babu. Ka waiga, ga unguwar tudu can. Wannan ƙarfe goma na safe ne. Bari in kai ka ƙarfe biyu.”

Yana kallo unguwar tudu ta tashi daga rawaya ta koma ja, layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa. Wannan ba labari ba ne a wurinsa. Yayarsa a can take zaune, shekara ashirin tana gaya masa da baki, har da ƙari. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda gilashi ya san abin da ya sani ba tare da ya taɓa shan rana ba. Sai dai ya lura a wurare da yawa bututun na tafiya sai ya yanke, ya bar fili toka-toka.

“Nan ne muke buƙatarka, Baba,” ta ce. “Na'ura tana jin ƙarfin ruwa, amma ba ta san ta inda bututu ya bi ba. Wannan a kanka yake.”

“In kun kwashe abin da ke cikin kan, shi kan a ina za ku ajiye shi?”

Ta yi dariya. Shi kuwa ya riƙe a ransa cewa dariya ta yi, ba amsa ta bayar ba.

Mako shida suna yawo a gari, ita da ƙaramin tabarau, shi da sanda. Yana taku yana faɗa, tana zana layi da yatsa a iska, mutane na tsayawa suna kallonsu kamar masu kamun ƙuda. Yawancin abin da ya gaya mata gaskiya ne, don Mai Kunne ba ya iya ganin an yi kuskure a aikinsa ya yi shiru, ga kuma son a san ya sani. Amma ya yanke wa kansa shawarar ya rage wani abu a tukunya. Da suka iso titin makaranta, inda babban bututun da ke hawa unguwar tudu ya bi, sai ya tsaya. Titin nan gefe ɗaya katangar makaranta ce, ɗaya gefen jerin shaguna: mai walda, kantin magani, mai gyaran waya, mai aski. Bututun ta gefen shaguna yake, da hannunsa aka binne shi. Ya nuna gefen katanga da sanda.

“Ta nan ya bi.”

“Na gode, Baba. Akwai bawul a layin nan?”

“Babu.”

Akwai. Taku sha huɗu daga turken lantarki na kwana, kwalta ta rufe shi.

Da ya koma gida ya ba matarsa labari yana murmushi, ita kuma tana kan keken ɗinki. Ta tsayar da ƙafa.

“Malam, ka yi wa 'yar mutane ƙarya ke nan.”

“Ajiya na yi. Ran da suka ce gilashi ya ishe su, sai su nemi bututu a jikin katanga su ga. Lokacin za su tuna da hanyar gidan nan.”

“In ce ko yarinyar ba ta taɓa yi maka komai ba?”

“Shi ne ai abin tsoron. Wata biyu cur ba ta yi komai ba. Me take jira?”

Matar ta mayar da ƙafa kan keke, ta ce Allah ya kyauta, irin faɗar da ke nufin ba zai kyauta ɗin ba.

Bayan wata biyu Injiniya ta sake kiransa ɗakin takunkumi, wai ta ƙara wani sabon abu. Duk inda bututu ya taɓa fashewa a shekara ashirin da biyar, yanzu yana fitowa a matsayin jan ɗigo kamar ƙwallo. Ya sa takunkumi. Gari ya cika da ɗige-ɗige, kowanne zaune a kan bututunsa kamar duwatsun wuya a zare. Ya ji daɗi, don kowane ɗigo ya san shi, wani har ya tuna ranar da ya faɗa ramin. Sai idonsa ya kai titin makaranta. Jajayen ɗigo sha tara sun yi layi reras a gaban shaguna, bututun kuwa yana can shi kaɗai a jikin katanga, ko ɗaya bai taɓa shi ba.

Shi ne fa ya jawo wa kansa. Duk gyaran da aka yi a layin nan, shi yake komawa ofis ya gaya wa akawu ya rubuta: ya fashe a gaban shagon mai walda, ya fashe a ƙofar kantin magani. Shekara ashirin da biyar yana faɗar gaskiya ana ajiyewa a fayil, ga shi yau gaskiyar ta yi sahu tana nuna shi da yatsa. Zufa ta cika takunkumin har ana iya wanke hannu a ciki.

“Lafiya, Baba?”

“Abin nan naku zafi gare shi.”

Ita ma ta sa nata tabarau, ya ji ta ce “uhm,” ba ta ƙara ko kalma ba. Mai Kunne ya ɗauki “uhm” ɗin nan ya tafi da shi gida, ya juya shi gaba, ya juya shi baya, kwana bakwai. A rana ta takwas ya ƙirƙiro dalili ya shiga ɗakin, ya ce a sa masa takunkumi zai duba wani layi. Ya leƙa titin makaranta. Ɗigo sha tara duk sun tsallaka titi, sun hau bututun ƙarya sun zauna lafiya lau a jikin katanga.

Nan ya gane komai, a ganinsa. Yarinyar ta kama shi, ta gaya wa manaja, sun share shaida don ya saki jiki. Tarko ake haɗa masa.

Ba a yi mako biyu ba sai ga takarda daga masu aikin hanya: za su haƙa babbar magudanar ruwa a titin makaranta, ta gefen shaguna, suna tambaya ko akwai bututu a wurin. Injiniya ta duba tabarau, wuri fes, ta sa hannu. A gabansa ta sa hannun, har ta ce, “Ka ga amfanin aikinmu, Baba. Da sai an yi wata ana neman fayil.”

“Kin ga tarkon ya fito fili,” ya ce wa matarsa da yamma. “Za su kawo katafila, su tayar da inji, su ɗaga cokalin haƙa sama, su tsaya suna kallona. In na buɗe baki na ce akwai bututu, shi ke nan, na kama kaina da kaina a gaban shaidu, su karɓe makulli.”

“In kuma da gaske za su haƙa?”

“Ba za su haƙa ba. Sun san yana nan.”

“Wa ya gaya musu? Kai kaɗai ka sani, kai kuma ka ce babu.”

“Ke ba ki san mutanen ofis ba.”

“Na san Yaya dai,” ta ce, tana cizge zare da haƙori. “Bututun nan shi ke kai mata ruwa. Da gwiwoyin nan nata, in aka fasa shi kai za ka riƙa ɗaukar mata jarka zuwa tudu. Ka je gobe ka gaya wa yarinyar nan. Ka ce mantuwa ka yi, tsufa ne.”

Kalmar tsufa ita ta ɓata shawarar. Mai Kunne ya gwammace a ce masa maƙaryaci da a ce ya fara mantuwa, don mai mantuwa shi ake fara karɓe wa makulli. Duk da haka washegari ya ɗan gwada ruwa. Ya tarar da Injiniya a bakin ofis ya ce, “Injiniya, ƙasa fa tana motsi. Wani lokaci bututu yakan yi tafiya.”

“Tafiya zuwa ina, Baba?”

Ya zuba mata ido yana neman alamar makirci. Bai ga komai ba sai fuskar mai jiran bayani. Ya ce a ransa lallai wannan ta ƙware, ya ce mata wasa yake, ya wuce.

Ranar haƙa da hantsi yana wurin, makulli a kafaɗa, sanda a hannu, ko da yake ba wanda ya kira shi. Direban katafila wani ƙato ne mai yawan raha, an ba shi ƙaramin tabarau ya ɗora a kan hanci.

“Baba Mai Kunne, yau hutu gare ka,” ya ce daga sama. “Ga bututunka can ina ganinsa shuɗi shar a jikin katanga. Nan ko allura babu.”

“Ka dai bi a hankali, ɗana.”

“Da gilashi a ido? Yau ko makaho ya hau motar nan sai ya haƙa daidai.”

Inji ya tashi. Mai Kunne ya gyara tsayuwa yana jiran a ɗaga cokali a tsaya a kalle shi. Ba a tsaya ba. Cokalin farko ya ɓare kwalta a gaban shagon mai walda. Ya waiga neman manaja, babu manaja. Ya waiga neman shaidun da aka ɓoye, ba kowa sai mai aski da ya fito da almakashi a hannu yana kallo. Injiniya kuwa tana can gindin katanga ta ba shi baya, tana magana da shugaban masu aikin hanya. Ya ce wannan ma cikin shirin ne, so take ya ɗauka ba ta kallonsa.

Cokali na biyu ya kwaso jar ƙasa. Ramin ya kai ƙugu. Bututun yana zurfin ƙirjin mutum, ya sani kamar yadda ya san sunansa. Ya dasa sanda a gefe ya kara kunne, ya ji shi yana gurnani a ƙasa, cike fal, yana hawa tudu. Ya ce a ransa yanzu za su tsaya. Wannan ne na ƙarshe. Ba mahaukacin da zai kai tarko har nan.

Cokali na uku ya taso, ya juye a gefen titi, sai ga farin yashi a cikin jar ƙasa.

Duk wanda ya taɓa binne bututu ya san ba a zuba masa ƙasa kai tsaye, sai an lulluɓe shi da yashi tukuna. In ka ga yashi a inda ba rafi, to tsakaninka da bututu bai fi tafin hannu ba. Direban bai sani ba, shi ɗan aikin hanya ne, kuma idonsa na kan gilashi. Mai Kunne ya yar da sanda ya ɗaga hannu biyu yana ihu a tsaya, amma ƙarar inji ta haɗiye muryarsa. Direban ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga masa hannu shi ma, ya saki cokali na huɗu.

Ruwan da ya tashi, mai aski ya ce ya wuce turken lantarki. Mai walda ya ce ya wuce bene mai hawa uku. Zuwa yamma labari ya kai cewa wani jirgin sama ya dawo a jiƙe. Abin da ba a musu a kai shi ne kantin magani ya koma tafki, kuma ruwa ya tafi da tabarau ɗin direba, gilashin na nan yana nuna cewa babu komai a wurin.

Mai Kunne bai tsaya kallo ba. Ya fizgi diga a hannun wani lebura, ya ruga turken kwana, ya juya baya ya ƙirga taku sha huɗu da ƙarfi kowa na ji, ya hau saran kwalta. Sara na shida diga ta yi ƙara a kan murfin ƙarfe. Ya ɓalle shi, ya zura makulli, ya fara murɗawa a hankali kamar mai tuƙa abin da yake tsoron ya zube.

“Baba, yi sauri mana, shagona zai tafi,” in ji mai kantin magani.

“In na yi sauri ya fashe a wuri uku. Murɗa arba'in da biyu ne, ba a rage ko ɗaya. Matsa ka ba ni wuri.”

Yana murɗawa yana ƙirgawa, ruwan na raguwa. Injiniya ta zo ta tsaya a gabansa, jiƙe sharkaf, tabarau a ido. Abin da take gani a ciki shi ne tsoho tsaye a fili fetal, ba bututu ba bawul, yana murɗa ƙarfe a cikin babu. Ta bari sai da ya kai arba'in da biyu, titi ya yi tsit sai ƙarar ruwa a kwalbati, sannan ta cire tabarau.

“Baba, ka ce babu bawul a layin nan.”

“Na ce.”

“Ka ce ta katanga ya bi.”

“Ai kin sani tuntuni. Kin ga ɗigon nan sha tara, kika ce uhm, kika kwashe su don ki kama ni.”

Ta share ruwa daga fuska. “Na gan su,” ta ce. “Na ɗauka akawu ne suka juya gefen titi wajen shigarwa. Har faɗa na yi musu, ɗaya ta yi kuka. Na ce takarda tana kuskure, Baba ba ya yi. Da hannuna na mayar da su inda ka ce.”

Mai Kunne ya jingina da makulli. Tun da yake bai taɓa shirya wa irin wannan ba. Ya duba fuskarta ko akwai wani tarkon a ƙarƙashin wannan, ya duba sosai, bai samu ba.

“Guda nawa ne irin wannan a cikin taswirata?” ta ce.

“Bakwai.”

Ya koma gida, matarsa ta yi masa kallo ɗaya. Da safe ya je ofis ya ce ya sake lissafi, sha ɗaya ne.

Kwana huɗu unguwar tudu ba ɗigon ruwa. Yaya ta haɗa kayanta a jaka ta sauko gidansa, ta zauna a kujerarsa, ta miƙe gwiwoyi a kan teburinsa. Mutumin da ya kusa sittin, Auta take ce masa. “Auta, kawo mini ruwa, tunda kai ka san inda ka ɓoye shi.” Da ya kawo sai ta ce ya ɗanɗana tukuna, ita ma yanzu ba ta yarda da kowa ba.

Manaja ya so ya sallame shi a ranar. Injiniya ce ta ce sai an gyara wurare sha ɗayan nan, kuma ba mai gyara su sai shi. Aka tsaya a kan cewa zai riƙe makulli har a gama, daga nan ya tafi ritaya, ba sai shekara biyun sun cika ba. Suka koma yawon titi kamar da, sai dai yanzu da lebura biyu a bayansu. Duk inda ya nuna, sai ta sa an tona ta ga ƙarfe da idonta kafin ta ɗaga yatsa ta zana. Godiyar ma ta ragu zuwa sau ɗaya a rana, wani lokaci babu. Abin mamaki, sai ya fi samun natsuwa da ita a haka.

Na sha ɗaya wani ƙaramin bawul ne a bayan tashar mota. Ya ƙirga taku bakwai daga bakin kwalbati, lebura suka tona, murfi ya fito. Ta zana shi. Ya ce a ba shi tabarau ya gani, ta miƙa masa. Ya daɗe yana kallon layin shuɗi yana ratsa ƙarƙashin ƙafarsa, da 'yar lamba tana reto daidai kan ramin. Ya cire, ya goge gilashin da bakin riga, ya mayar mata. Sannan ya sauke makulli daga kafaɗa ya jingina shi a jikin motar ofis, ya gyara masa tsayuwa don kada ya faɗi.

“Akwai wani ƙarami a layin asibiti,” ya ce. “Wannan ban yi ƙarya a kansa ba, mantawa na yi da gaske. Taku biyar daga ƙofar baya.”

Injiniya ta dube shi, ta dubi lebura.

“Ku ɗauko diga,” ta ce.